Ko Gwaggo Ta Shiga Kwalekwalen

Na daɗe ina juya maganar wannan rubutu a raina kafin na ɗauki biro. Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ce, "Alhaji Sule, ba mu labarin Makka." Na gaji da gaya musu Umara na yi ba Hajji ba, don haka ban kai a kira ni Alhaji ba. Na kuma gaji da ba da labarin guntu-guntu hannuna cikin baƙin mai. Abu biyu suka riƙe ni. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in ƙara ko in rage a labarin ƙasa mai tsarki. Sannan akwai yayata a cikin maganar, kuma zamanta a can ba na takarda ba ne. Shi ya sa na canza sunayen da za ku gani. Inda na yi kuskure Allah Ya yafe mini.

Ni mutumin Haɗejiya ne, sana'ata gyaran injin ban ruwa. Yaya Hadiza ce babbarmu, ni ne auta. Ta tafi aikin Hajji da mijinta tun ina saurayi, suka zauna ba su dawo ba. Mijin ya rasu a Makka, ita kuma ta ci gaba da sayar da abinci tana riƙe da 'yarta. Innarmu ta tsufa, idonta ya tafi gaba ɗaya, kunnen ma in an kira waya sai dai ta riƙa cewa "na'am, na'am" ba ta ji me ake faɗa ba. Ranar da zan tafi ta sa na durƙusa gabanta, ta lalubo kaina ta dafa.

"Ka ce mata ba turare nake so ba, ba dabino ba. Hannunta nake so in riƙe. Ka taho mini da ita."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ta danne mini ƙirji har na je na dawo, don alkawari na ɗauka ban san ko zan iya cika shi ba.

Motar Kano na shiga da sassafe. Na sa tela ya ɗinka wa fasfona aljihu a cikin singileti, amma ban daina taɓa wurin ba, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ciwon zuciya gare ni. A filin jirgi na ɗaura harami tun a ƙasa, saboda an ce a sama ake wuce mikati, ni kuwa ina tsoron barci ya ɗauke ni ko a sanar da Turanci ban gane ba. Sai da na zo cire riga na tuna mai harami ba ya sa ɗinkakken kaya. Aikin tela ya tashi a banza, na riƙe fasfon a hannu har Jidda. A cikin jirgi sanyi ya dame ni. Aka raba mana wani ɗan jiƙaƙƙen tsumma a leda, na goge fuska da hannu, sai na ji ƙamshin lemun tsami. Turare ke nan a jikin mai harami? Na taɓa dattijon da ke gefena na tambaye shi.

"Da gangan ka yi?" in ji shi, bai ko buɗe ido ba.

"A'a."

"To ka bar ni in yi barci."

A Jidda muka yi layi mai tsawo gaban ma'aikatan shige da fice. Da aka zo kaina na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓa ta, don sifana da baƙin mai sun cinye mini zanen yatsu. Ma'aikacin ya danna, ya sake dannawa, ya dube ni. Na ɗauka wani abu ne ya fito masa, wai wannan yana da 'yar'uwa marar takarda a Makka. Ashe so yake in goga yatsan a goshina ya sami ɗan maiƙo. Gumi kuwa ba a rasa shi ba a goshina a lokacin, nan take na'urar ta karɓa. A wurin duba kaya aka kwance ƙullin da Inna ta haɗa wa Yaya, daddawa da kuka da busasshen kifi. Mai duban ya ja da baya ya kira abokinsa, suka tsaya suna kallon daddawar daga nesa. Na ce musu da Hausa ta miya ce, na kwatanta kai loma baki. Ya rufe jakar da yatsa biyu ya yi mini nuni in wuce.

A motar Makka wakilin kamfanin da ya kawo mu ya karɓe fasfunanmu duka, ya ba kowa wani kati mai sunan masauki. Na bi jakar da ya zuba su da kallo har ya sauka.

Masaukinmu a Jarwal yake, mu shida a ɗaki. Rigimarmu kullum a kan na'urar sanyaya ɗaki ce, wani Basakkwace na son ta kamar ƙanƙara, ni kuma ina tari. Da safe burodi ne mai faɗi da dafaffen wake da aka dame, ba yaji ba mai na kirki. Da rana shinkafa jibgi guda da kaza a kai, ba miya. Su a haka suke cin ta, mu kuwa sai neman abin da za mu jiƙa ta da shi muke yi. Batun Ka'aba ba zan iya kwatanta muku ba. Ana ta gine-gine a lokacin, ƙarafa sun kewaye masallacin ta sama, ga ƙura ga ƙara, amma da na hango ta duk na manta da su, na tsaya ina kuka har wani Bature ko Baturke ya ture ni gefe. Na yi Umarata, aka aske ni, na kwance harami. Washegari bayan azahar na nemi tasi zuwa Mansur, unguwar da Yaya take zaune.

Kafin in ga mutanen unguwar hancina ya gaya mini na iso. Ƙamshin waina da miyar kuka ne ya tare ni. Hausa ake yi ko'ina, amma Hausar da rabinta Larabci ne. Na sami Yaya a wani lungu, zaune gaban manyan tukwane a ƙofar gidan da take haya. Ta yi jiki, gashin girarta ya fara fari. Ta dube ni ta daɗe.

"Auta? Kai ne ka yi furfura a gemu haka? Me kake tunani da ya fi ƙarfin kanka?"

Muka yi kuka, muka yi dariya. 'Yarta Samira ta fito da jariri a kafaɗa ta gaishe ni, Hausarta tana karyewa kamar ta mai koyo. Ban iya jira ba, tun kafin in sha ruwa na isar da saƙon Inna kamar yadda aka ba ni. Yaya ta juya ta buɗe tukunya.

"Ci abinci tukuna."

Bayan na ci ta yi mini bayani. Wanda ba shi da takardar zama hanya ɗaya gare shi ta komawa gida: ya miƙa kansa, a tsare shi a gidan da ake tara waɗanda za a mayar, a ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi a jirgi. Daga nan ƙofa ta rufe masa, sai bayan shekaru, in ma ta buɗe. Samira a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, ba ta san ko hanyar Haɗejiya ba. A shekarar kuma an matsa da kame, kullum ana jin an kwashe mutane a lungu kaza.

"In na tafi, halas, shi ke nan, ba ni ba Samira," in ji ta. "In na zauna, ba ni ba Inna. Kai da ka zo da saƙo, wanne ka zaɓa mini?"

Na ce zan riƙa zuwa kullum har ranar tafiyata, ko Allah zai sa ta yanke shawara.

A jikin gidan akwai wani ɗan shagon wanki da guga. Mai aiki a shagon siririn mutum ne baƙi kamar mu, sunansa Shafik. Ba'indiye ne, amma ya ce yarensu Bangali, kuma garinsu yana can inda manyan koguna ke rarrabuwa su shiga teku. Shi yana da takardarsa. A wurin Yaya yake cin abinci, yana kiran ta Hajja, ita tana kiran sa Sadik kamar yadda ake kiran irin su a can. Na lura duk sa'ad da aiki ya lafa sai ya jawo wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya yage, an naɗe shi da jarida. Rubutun ciki kamar an shanya tufafi a igiya, baƙaƙen duk a rataye suke jikin layi. Na zaci littafin addini ne, sai na ga yana karantawa yana dariya, can kuma ya ɓata rai ya yi tsaki. Na ce Yaya ta tambaye shi.

"Ya ce labari ne, wani marubucin ƙasarsu na yanzu ya ƙirƙira. Wai a kan wata tsohuwa ce mai baƙin hali."

"Me ta yi?"

Daga wannan tambaya aka fara. Kullum bayan la'asar, in ciniki ya yi sauƙi, Shafik zai tsaya a ƙofar shagonsa ya ba da abin da ya karanta da karyayyen Larabcinsa da hannuwansa biyu, Yaya tana juya mini da Hausa tana kwashe tuwo. Sunan tsohuwar ya gagari bakinmu, Yaya ta raɗa mata Gwaggo.

Gwaggo a wani tsibiri take zaune ita da agwaginta. Ruwan wurin ba irin namu ba ne. Mu a Haɗejiya sau ɗaya a shekara kogi ke cika, in ya janye ya bar mana kifi da laka mai kyau. Su kullum ruwan sai ya hau ya sauka, kuma na gishiri ne, in ya shiga gona ta mutu sai bayan shekaru. Abin da ya raba su da shi jinga ce ta laka da suka kewaye tsibirin da ita, irin wadda muke yi a bakin fadama. Duk shekara kogin sai ya gutsiri wani yanki. Maƙwabta suna ta kwashe kaya suna komawa birni. Ɗanta ya zo daga birnin don ya tafi da ita, ta ƙi.

Ni da na taso ina kallon finafinan Indiya a gidan kallo na zaci za a zo wurin rawa, ko wani mugu mai gashin baki ya fito a doke shi. Ba ko ɗaya. Gwaggo marowaciya ce, tana ɓoye ƙwai kada jikanta ya gani. Bakinta ba daɗi. Ta yi shekaru ba ta magana da maƙwabciyarta a kan wata bishiyar kwakwa da ke tsakaninsu, amma ranar da maƙwabciyar ta kwanta zazzaɓi, Gwaggo ta dafa shinkafa ta ajiye mata a ƙofa, ta ce wa mutane kare ta zuba wa. Akwai mai kwalekwalen garin, maƙaryaci ne na bugawa a jarida, amma shi kaɗai ke fita in iska ta taso don ya ɗauko wanda ya maƙale. Ban taɓa jin labarin da ba ka san wa za ka so wa za ka ƙi ba sai wannan. Kowa in ka ce ka gama sanin sa sai ya yi wani abin da zai sa ka sake tunani, kamar dai mutanen unguwarku.

Ɗan Gwaggo ne kaɗai ban ji daɗinsa ba.

"Ya ce ɗan nata matsoraci ne," in ji Yaya wata rana. "In ya ga gajimare sai ya fara ɗaure kaya. Kullum hannunsa na kan aljihu yana taɓa takardunsa."

"Yaya, haka ya ce, ko ke kika ƙara?"

"Kai ka ji Larabci? To yi shiru a ba ka labari."

Shafik ya dube mu yana murmushi, bai san me muke cewa ba. Daga ranar na fara sa ido. In ya yi magana gajere ta yi doguwa sai in yi zargi, in ya nuna sama ta ce ƙasa sai in tsayar da ita.

Wata damuwar kuma ta taso mini. Mutum ya zo Makka, inda ake ninka lada, ya ɓige da sauraron ƙagaggen labari? A masallacin Harami na sami wani ɗalibi ɗan wajen Zariya da ke karatu a can, na zauna kusa da shi na kwashe komai na gaya masa, ban da maganar takardar Yaya.

"Kana barin salla saboda shi?" ya tambaye ni.

"Allah Ya kiyaye."

"Mai ba da labarin ya ce maka ya faru da gaske?"

"A'a, tun farko ya ce ƙirƙira ne."

"To ba a yi maka ƙarya ba, Baba."

"Malam, akwai saura. Jiya a wurin ɗawafi na sami kaina ina roƙa wa tsohuwar sauƙi. Matar da babu ita."

Ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗarsa na motsi. Da ya natsu ya ce, "Tsofaffi irin ta suna da yawa a duniya. Wanda ka roƙa Ya fi ka sanin inda zai kai addu'ar." Na ɗan sami sauƙi, ko da yake a hanya na tuna ban tambaye shi ko in sake ɗawafin ba.

Ranar da abin ya faru muna daidai inda iska ta taso a tsibirin, maza sun fita suna toshe jinga da buhunan laka. Sai muka ji wata mata ta ce "Jawazat" daga bakin lungu, ba da ƙarfi ba ma. Su ne jami'an da ke kama marasa takarda. Ban taɓa ganin wuri ya watse da sauri haka ba. Mai waina ta bar tandarta a wuta, mai sayar da goro ya bar farantinsa. Na waiga ban ga Yaya ba, sai ludayinta a cikin miya. Ni kaɗai na rage a tsaye.

Mutum biyu suka shigo lungun. Ɗaya ya miƙo mini hannu yana magana. Na kai hannu ƙirji, ba fasfo, yana wurin wakilin kamfani. Na lalubo katin masauki, ya faɗi ƙasa, na ɗauka na ba shi. Ya duba katin, ya dubi sabon askina. Sannan ya nuna tukwanen ya yi tambaya. Ko ban ji Larabci ba na san cewa yake yi na waye. Ban taɓa gode wa Allah a kan rashin jin wani yare ba sai ranar, don da na iya amsawa ban san me zai fito daga bakina ba, ƙarya a Makka ko tona asirin Yaya. Na ce, "Umara, Umara." Ya dawo mini da katin.

Ɗayan ya leƙa shagon Shafik. Shafik ya miƙa takardarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun bai bar guga ba. A bayansa fararen jallabiyoyi ne rataye a jere har ƙasa. A ƙarƙashin na ƙarshe na hango yatsun ƙafa masu lalle. Na kawar da kaina na dubi bango, ina tsoron kada idona ya nuna masa wurin. Suka wuce lungun gaba. Daga baya muka ji sun tafi da mata uku a can.

An daɗe kafin Yaya ta fito. Ta gyara mayafi, ta zauna, ta tsamo ludayin ta goge. Ta juya wajen Shafik.

"Sadik, sai aka yi yaya da jingar?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, wannan rayuwa ce? Da girmanki kina ɓuya bayan rigunan mutane? Gara ki tafi da ƙafarki da a ja ki a mota ba ko sallama."

"Ka kwana nawa a nan da za ka gaya mini rayuwa? Ka san inda aka binne uban Samira? Ka san wa ya riƙe ta ranar da ta haihu?"

"Inna ma ta riƙe ki."

Ta ɗauki murfi ta rufe tukunya. Ranar ba a ƙarasa labari ba. Na koma Jarwal ina tuhumar kaina ko na yi wa babba rashin kunya.

Ana gobe za mu tashi na koma Mansur. Na tarar ta haɗa jaka, murna ta kama ni, sai na ga tsarabar Inna ce. Shafik ya kira mu da hannu, ya nuna littafin, ya nuna ya kai bangon ƙarshe. Inda muka tsaya jiya, jinga ta ɓalle, ruwa ya shigo har gindin bishiyar kwakwa, mai kwalekwale ya zo ƙofar Gwaggo, ɗanta na ciki yana miƙo mata hannu, ita kuma tana tsaye rungume da agwagwa ɗaya.

Shafik ya ajiye dutsen guga ya fara. Ya daɗe yana magana. Ya nuna ruwa a gwiwa, ya nuna shi a ƙugu. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi muryar namiji. Ya ambaci maƙwabciyar, don na gane yadda yake kwatanta ta. Ya miƙa hannu, ya janye, ya sake miƙawa. A ƙarshe ya goge ido da gefen rigarsa. Duk wannan lokaci Yaya ba ta juya mini ko kalma ɗaya ba. Tana kallon ƙasa.

"Yaya, me ya ce?"

"Ya ce ruwa ya janye. Kowa ya koma gidansa."

"Duk maganar nan da ya yi?"

"Larabcinsa ne mai tsawo."

"Ta shiga kwalekwalen ko ba ta shiga ba?"

"Na gaya maka abin da ya ce."

Na juya wurin Shafik. Na nuna littafin, na kwatanta tuƙa kwalekwale, na nuna nesa, na ɗaga masa gira. Sai ya kaɗa kai gefe da gefe irin yadda mutanensu ke yi, wanda mu a wurinmu ya fi kama da a'a, su kuma na ga suna yin sa ko kuɗin wanki ka ba su. Na sake kwatantawa, ya sake kaɗawa, ya dubi Yaya, ya ga fuskarta, ya ɗauki gugarsa. Aka kira magariba, ya ja ƙofar shagon.

Ta raka ni har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba saboda tsoron kame. Ta kama hannuna na dama da nata biyu ta riƙe, ta daɗe.

"Ka kai mata wannan. Ka ce ina nan ina tunani. Kada ka ce na ƙi."

"In ce kina zuwa?"

"Kada ka ce abin da ban ce ba, Auta. Kai ba ka iya ƙarya ba."

A Jidda aka dawo mana da fasfunanmu. Ban ko duba nawa ba na cusa a aljihu.

Da na isa gida Inna ta lalubo ta ji ni kaɗai ne. Ba ta tambaye ni ba. Na durƙusa na sa hannuna cikin nata, na faɗi abin da aka ce in faɗa, ban ƙara ba. Ta shafa hannun ciki da baya ta sake shi. Kwanaki ba ta ta da maganar ba, ni ma na rasa abin da zan riƙa ce mata in na shiga gaishe ta. Sai wata rana na fara ba ta labarin Gwaggo, ina ɗaga murya a kunnenta mai ɗan ji. Ta kama shi fiye da yadda na zata. Ta ce Gwaggo ta yi daidai da ta ɓoye ƙwai, yaran yanzu ba su san tattali ba. Ta ce mai kwalekwalen nan irin wani ƙanen mahaifinmu ne. Da muka zo ƙarshe na gaya mata gaskiya, cewa ban sani ba, na kuma gaya mata yadda aka yi.

"Wa ya juya maka maganar?"

"Yaya."

"Mutumin ya daɗe yana magana, ita ta ce ruwa ya janye?"

"Haka aka yi."

Inna ta yi 'yar dariya. "To ta shiga. Da tsohuwar ta zauna, da Hadiza ta faɗa maka da ƙarfinta har maƙwabta su ji, ta kuma maimaita."

Tun daga ranar ta sa aka share ɗakin da ke kusa da nata, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Kowace Juma'a sai ta sa a sake sharewa. Na kira Yaya a waya na tambaye ta ƙarshen labarin, ta ce layin ba kyau. Na ce ta haɗa ni da Shafik ko da wani mai jin Larabci a kusa da ni, ta ce maigidansa ya mayar da shi wani shagon a wani gari, ba ta da lambarsa.

Wannan ne ya sa a ƙarshe na yarda na rubuta. Ban san sunan littafin ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, bangonsa a yage na gan shi. Abin da na sani shi ne da yaren Bangali yake, marubucin na wannan zamani ne, akwai tsohuwa mai agwagi, da bishiyar kwakwa tsakanin gida biyu, da mai kwalekwale maƙaryaci. Cikin masu karanta wannan akwai ɗalibanmu da suka yi karatu a Indiya, akwai waɗanda suka kai marasa lafiya can, akwai masu aiki tare da mutanen ƙasar a Makka da Jidda. Don Allah duk wanda ya san littafin, ko ya san wanda zai tambaya, ya aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Ya gaya mini yadda yake a rubuce, kada ya gyara don ya faranta mini. Inna tana sa a share ɗaki a kan wannan magana, ni kuma ban san ko in bar ta ko in hana ba.